Ba sai an gano dalilin mutuwar fuju'ar jarirai ba kafin a rage ta

A watan Mayun 2022 wani labari ya karaɗe Facebook da Twitter, yana cewa masana a Ostiraliya sun gano dalilin da ke sa jariri mai cikakkiyar lafiya ya mutu cikin barcinsa. Har yau labarin yakan sake ɓullowa, a yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu ana hamdala. Binciken da ake magana a kai na Dakta Carmel Harrington ne da abokan aikinta a asibitin yara na Westmead da ke birnin Sidni, kuma ita kanta uwa ce da ta rasa ɗanta cikin barci kusan shekara 30 kafin nan, abin da ya sa ta duƙufa kan wannan fanni. Sun ɗauko busasshen jinin da ake ɗiba a dundunen jarirai kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa, suka auna wani sinadari da ake kira butyrylcholinesterase, suka tarar ya yi ƙasa a jinin jarirai 26 da daga baya suka yi mutuwar fuju'a, idan aka kwatanta da ɗaruruwan jariran da suka rayu. Aiki ne mai daraja, amma jarirai 26 ba su da yawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ma'auninsu bai fi na waɗanda suka rasu ba. Ba a samu gwajin da za a yi wa jariri a ce yana cikin hatsari ba, ba a kuma samu magani ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke rububin irin wannan labari, alhali ga wani ilimi nan na yadda ake kwantar da jariri da aka tabbatar fiye da shekara 30, wanda ya ceci dubun-dubatar jarirai, ba ya cin ko sisi, amma da wuya ka ga mai tura shi. Ra'ayina shi ne rashin sanin ainihin dalilin wannan mutuwa bai hana mu sanin yadda ake rage ta ba, kuma jiran ranar da za a ce an gano dalili yana shagaltar da mu daga abin da ke hannunmu.

Mutuwar fuju'ar jarirai, wadda likitoci ke taƙaitawa da SIDS, ita ce mutuwar jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya farat ɗaya, wadda aka kasa gano dalilinta bayan an binciki gawa, an duba wurin da ya kwanta, an kuma bi tarihin lafiyarsa. Wani likitan Amurka mai suna Bruce Beckwith ne ya gabatar da sunan a wani taro a Seattle a 1969. Ta fi afkuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kusan tara cikin goma suna faruwa kafin wata shida, ta fi samun maza a kan mata, kuma bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi sun fi shiga hatsari.

Tarihin kwanciyar jarirai ya isa ya girgiza duk mai tunani. Tun daga wajajen 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1980, likitoci da littattafan reno a Turai da Amurka da Ostiraliya sun riƙa umartar iyaye su kwantar da jariri rub da ciki, bisa hujjar cewa idan ya yi tumbuɗi yana rigingine zai ƙware. Hujjar tana da daɗin ji, ga shi kuma an lura cewa bakwaini da ke ƙarƙashin kulawar asibiti numfashinsu yakan ɗan inganta a wannan kwanciya, sai aka ɗauki abin da ya dace da marasa lafiya masu na'urori a jikinsu aka ɗora wa lafiyayyun jarirai a gida, ba tare da wani ya tsaya ya ƙidaya sakamakon ba. A 1985 wani likita a Hong Kong ya rubuta cewa wannan mutuwa ba ta da yawa a can duk da cunkoson gidaje, ya kuma yi nuni da cewa iyaye a can rigingine suke kwantar da 'ya'yansu. A 1987 likitan yara Guus de Jonge ya fito fili a Holan ya gargaɗi iyaye game da rub da ciki. Sai binciken Peter Fleming a yankin Bristol na Ingila, da na Ed Mitchell a Niyu Zilan, da na Terry Dwyer a tsibirin Tasmaniya suka biyo baya, duka suna nuna abu guda. Waɗannan mutane ba su yi amfani da wata na'ura mai tsada ba. Zama suka yi da iyayen da aka yi wa rasuwa da kuma iyayen da jariransu ke raye, suna tambaya yadda aka kwantar da yaro, me aka rufa masa, wa ke shan taba a gidan, sannan suka kwatanta amsoshin.

Birtaniya ta fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka kuma a 1994, bayan ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta sauya shawararta a 1992. A Birtaniya jariran da ke mutuwa ta wannan hanya sun kai kimanin 1,500 a shekara a ƙarshen shekarun 1980, yanzu kuwa suna wajajen 200. A Amurka, a 1990 jarirai 130 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, zuwa 2020 adadin ya dawo 38. Gaskiya ne wani ɓangare na wannan raguwa ya samo asali daga sauyin yadda ake rubuta dalilin mutuwa, domin wasu da a da za a ce fuju'a ce yanzu ana rubuta su a matsayin shaƙewa a shimfiɗa, amma ko an haɗa duka biyun, raguwar ta shekarun 1990 babba ce ƙwarai. A 2005 Ruth Gilbert da abokan aikinta suka waiwayi tsofaffin bincike, suka nuna cewa tun 1970 akwai shaidar da ta isa a yi shakkar rub da ciki, kuma da an tattara ta a lokacin da an tsirar da jarirai fiye da 10,000 a Birtaniya, da aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostiraliya. Iyayen waɗannan yara ba sakaci suka yi ba, biyayya suka yi ga shawarar masana.

Har yanzu tsoron ƙwarewa shi ne ke sa iyaye mata da kakanni da yawa juya jariri, kuma ina ganin ya kamata a amsa wannan tsoro da bayani, a daina amsa shi da tsawa. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, saboda haka abin da ya taso daga ciki yakan taru a ƙasa ya koma inda ya fito. Idan yana rub da ciki kuwa tsarin yakan juye, abin da ya taso ya gangaro zuwa bakin hanyar iska. A ƙasashen da aka koma rigingine ba a ga mutuwar ƙwarewa ta ƙaru ba. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, domin jariri yakan mirgina ya kife, kuma wanda ya saba da rigingine idan aka kifa shi rana ɗaya, wataƙila a hannun mai reno ko wata 'yar'uwa da ta zo taimako, hatsarinsa ya fi na wanda ya saba da kifewar. Shi ya sa duk wanda zai riƙe yaron ya kamata a gaya masa. Idan ya girma har yana iya juyawa da kansa ya kuma dawo, sai a kwantar da shi rigingine a bar shi da yadda ya zaɓa. Mai gudun kada ƙeya ta baje sai ya riƙa kifa shi na ɗan lokaci yana farke, idon babba na kansa.

Game da abin da ke faruwa a jikin jaririn, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wanda James Filiano da Hannah Kinney suka gabatar a 1994, cewa sai abu uku sun haɗu: jariri mai wani rauni ɓoyayye, a watannin da tsarin numfashi da bugun zuciya da farkawa ke kan sauyawa, sannan wani abu daga waje ya matsa masa, kamar kifewar fuska a katifa mai laushi, ko bargo a kan kai, ko zafi mai yawa, ko hayaƙi. Lafiyayyen jariri idan ya fara shaƙar iskar da ya fitar, ƙwaƙwalwarsa takan tashe shi ya juya kai ko ya yi kuka. Mai raunin ba ya farkawa. Kinney ta shafe shekaru a asibitin yara na Boston tana nazarin gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, kuma a 2010 ita da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya ragu a wannan wuri da kashi 26 cikin 100 a jariran da suka yi mutuwar fuju'a. Akwai kuma wani kaso da ake samu da lahanin gado da ke hargitsa bugun zuciya, ko wanda ke hana jiki sarrafa kitse. Wannan ya sa nake ganin ba dalili ɗaya ake nema ba, dalilai ne da yawa da suka taru ƙarƙashin suna ɗaya. Raunin ɓoye babu mai ganinsa, watannin hatsari babu mai tsallake su, amma abu na uku yana hannun mai shimfiɗa.

Bayan kwanciya, babu abin da ya kai taba. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba haihuwa fiye da miliyan 20 a Amurka, ya nuna cewa ko kara ɗaya mai ciki take sha a rana hatsarin yakan ninka biyu, kuma kusan kashi 22 cikin 100 na irin wannan mutuwa a ƙasar ana iya danganta su da shan taba lokacin goyon ciki. Wani kuma da ya bi masu ciki kusan 12,000 a Afirka ta Kudu da Amurka, wanda ya fito a 2020, ya tarar cewa wadda ta ci gaba da taba da giya duka bayan wata uku na farko, hatsarin jaririnta ya ninka sau 12. Magana a nan ba ta mata kaɗai ba ce. Magidancin da ke busa hayaƙi a ɗakin da matarsa mai ciki ko jaririnsa ke kwana yana da nasa kason, kuma ban ga dalilin da zai sa a riƙa kauce wa gaya masa ba.

Shayarwa tana ba da kariya, kuma wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa shayar da nonon uwa na aƙalla wata biyu yana rage hatsarin da kusan rabi. Kwana a ɗaki ɗaya da jariri, shi a nasa makwancin kusa da uwa, har wata shida, yana ragewa sosai. Robar tsotso lokacin barci ma an ga tana taimakawa. Shimfiɗa ta zama mai ƙarfi, a miƙe, ba filo, ba tarin tsummoki, ba abin da zai rufe fuska, kuma kada a jibga masa kaya har ya yi gumi.

Batun kwana a gado ɗaya da jariri shi ne inda masana suka rabu, kuma a nan ina da ɓangare. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. A Birtaniya kuwa hukumomin lafiya sun karkata ga yarda cewa iyaye da yawa za su yi, da niyya ko barci ya kwashe su, saboda haka gara a koya musu inda hatsarin yake. Ina tare da na biyun, domin akasarin iyayen duniya ba su da gadon jariri na daban, kuma shawarar da mutum ba zai iya bi ba takan sa ya watsar da sauran ma. Wuraren hatsarin sanannu ne: idan ɗaya daga cikin iyaye yana shan taba, ko ya sha giya ko maganin da ke sa barci mai nauyi, ko jaririn bakwaini ne ko marar nauyi, ko bai wuce watannin farko ba, ko akwai wasu yara a shimfiɗar. Mafi muni shi ne barci ya kwashe babba yana rungume da jariri a kujerar kushin, inda hatsarin ke ninkawa sau gommai, kuma abin takaici uwar da aka tsorata da gado ita ce takan tashi cikin dare ta koma kujera don ta shayar. A birnin Bradford na Ingila an lura cewa iyalai 'yan asalin Pakistan sun fi maƙwabtansu Turawa kwana da jarirai a gado, amma mutuwar fuju'a ta fi ƙaranci a cikinsu, kuma an ga matansu ba su cika shan taba ko giya ba, ba su cika kwana da jariri a kujera ba, ba sa kuma ware shi a wani ɗaki shi kaɗai. A Niyu Zilan, inda mutuwar ta yi wa 'yan ƙabilar Maori yawa, Dakta David Tipene-Leach da wasu sun ɓullo da wani ɗan kwando da ake saƙawa, ana kiransa wahakura, wanda ake ɗorawa a kan gadon iyaye, jariri yana kusa da uwa amma yana da iyakarsa. Irin wannan tunani nake so in ga ya yawaita, wato a fara da yadda mutane ke rayuwa.

Akwai kuma kasuwa da ta ginu a kan tsoron iyaye. A 1972 wani likitan Amurka, Alfred Steinschneider, ya wallafa cewa ɗaukewar numfashi na ɗan lokaci ita ce ke kai ga wannan mutuwa, kuma tana bin dangi, abin da ya buɗe ƙofar sayar da na'urorin sa ido a gida. Biyu daga cikin jarirai biyar da ya kafa hujja da su 'ya'yan mace ɗaya ne, wadda a 1995 kotu ta same ta da laifin kashe 'ya'yanta biyar. A 2001 wani babban bincike da ya sa wa jarirai fiye da 1,000 na'urori bai samu shaidar cewa ɗaukewar numfashin da ake gani ita ce mafarin mutuwar fuju'a ba, kuma har yau babu na'urar gida da aka tabbatar tana hana ta. A 2019 aka janye miliyoyin wasu kujerun barci masu gangara daga kasuwar Amurka bayan mutuwar jarirai fiye da 30, a 2022 kuma ƙasar ta haramta irinsu da doka. Duk abin da aka tallata maka da sunan yana hana mutuwar fuju'a, ka tambayi ina shaidar.

Masu jingina wannan mutuwa ga allurar rigakafi suna kafa hujja da cewa wasu yara sun rasu kwanaki kaɗan bayan allura. Watannin da ake yin allurorin farko su ne dai watannin da mutuwar ta fi yawa, saboda haka dole a samu waɗanda abin ya zo musu a jere. Da aka kwatanta yaran da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga ƙari ba, nazarin da ya haɗa bincike da dama a 2007 ma raguwa ya gani a wajen waɗanda aka yi wa.

Na san wani zai ce kwana idan ya ƙare babu makawa. Haka ne, kuma da wannan imani ne iyaye ke samun haƙuri. Amma imanin bai taɓa hana mu janye yaro daga bakin wuta ba, kuma gyara masa kwanciya yana cikin sababin da aka umarce mu da riƙo.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan ilimi bulalar dukan wadda aka yi wa rasuwa. Akwai jariran da aka kiyaye musu komai suka tafi, akwai kuma miliyoyin da aka kifa suka rayu, domin abin da bincike ke aunawa yiwuwa ce a cikin jama'a, ba hukunci a kan gida ɗaya ba. A 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure lauya Sally Clark bisa zargin kashe 'ya'yanta biyu, bayan Farfesa Roy Meadow ya shaida cewa yiwuwar irin wannan mutuwa sau biyu a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin kuskure ne, domin ya ɗauka mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'yan'uwa suna tarayya a gado da muhalli, kuma ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta fito ta soki lissafin. An sake ta a 2003 bayan an gano sakamakon gwajin da ba a bayyana wa kotu ba, mai nuna ƙwayar cuta a jikin ɗanta na biyu, ta kuma rasu a 2007 ba ta farfaɗo daga abin da ya same ta ba. A Ostiraliya Kathleen Folbigg ta yi shekara 20 a kurkuku kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, sai a 2023 aka wanke ta, bayan masana sun gano wani lahanin gado mai shafar zuciya a 'ya'yanta mata biyu. Idan aka ajiye waɗannan kusa da labarin matar nan da kotu ta samu da laifin kashe 'ya'yanta biyar a 1995, za a ga zato ya ɓoye mai laifi a wani wuri, ya kuma ɗaure marasa laifi a wani, kuma a duka cikakken bincike ne ya yi ƙaranci. Idan kotu da farfesa sun iya yin wannan kuskure, ina ga dangin miji da maƙwabta da ke raɗa cewa danne shi ta yi?

Kusan duk alƙaluman da na kawo daga ƙasashe masu arziki suke, domin su ne ke binciken gawa da rubuta dalilin mutuwa. A 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a watansu na farko a duniya, akasari saboda haihuwa kafin lokaci, da wahalar haihuwa, da cututtuka, bayan wata ɗaya kuma ciwon huhu da gudawa da zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba. A inda ba a bincike, jaririn da aka wayi gari babu shi yana iya zama mai fuju'a, yana iya zama mai cutar da ba a gane alamunta ba. Shi ya sa duk mai reno ya kamata ya san alamomin da ba a kwana da su a gida: ƙin kama nono, numfashi da sauri ko lotsawar ƙirji, zafin jiki ko sanyinsa fiye da kima, jijjiga, da kasala har ya zama da ƙyar ake tashinsa.

Akwai wani shiri mai suna CHAMPS da aka kafa a 2015, yana aiki a wasu ƙasashen Afirka da Kudancin Asiya, inda da izinin iyaye ake ɗibar ɗan ƙaramin samfuri da allura daga gawar yaro ba tare da an feɗe ta ba, kuma iyalai da dama da ba za su yarda da feɗewa ba sun yarda da wannan. Ina fatan gwamnatoci da jami'o'i su zuba kuɗi a irin wannan aiki, a kuma horar da ma'aikatan lafiya su riƙa yin tambayoyin nan cikin tausasawa idan an yi rasuwa: yaya aka kwantar da shi, a ina, da wa, me aka rufa masa. Kafin nan, ungozoma da malaman jinya suna iya nuna wa kowace mai jego kwanciyar rigingine da hannunsu kafin a sallame ta, su kuma maimaita a gaban mijinta da wadda za ta taya ta reno.